Masu Gano Inda Karatu Ya Tsinke

Ka ce wa yaro ya ɗebe 38 daga 52, ya rubuta maka 26. Yawancin malamai jan biro za su zaro su soke, su ce ya sake. In ya sake ya kuma kawo 26, sai a yanke hukunci cewa kansa ba ya ja. Amma akwai wani irin malami da zai tsaya ya ƙura wa 26 ɗin nan ido, domin ya san ba da ka yaron ya rubuta ta ba. A layin ɗaiɗai ya ga 2 da 8, ya cire ƙarami daga babba ya sami 6. A layin gomomi ya cire 3 daga 5 ya sami 2. Ƙa'ida ya bi, kuma ya bi ta tsaf. Ita ƙa'idar ce gurguwa, shi ya ƙago ta da kansa saboda ranar da aka koyar da aro a aji uku yana gona, ko yana kwance da zazzaɓi.

Malamin da ya gano haka ba zai ƙara masa lissafi ashirin ya tafi da su gida ba. Tsinkaye zai sa a tsinto, a ɗaure su goma-goma, ya ajiye masa ƙulli biyar da tsinke biyu a warware. "To, ba ni takwas." Yaro ya duba, biyu ne kawai a sake. Ya yi jim. Malam bai ce uffan ba. Can sai hannun yaron da kansa ya kai ga ƙulli ɗaya ya kwance shi, warwararru suka zama sha biyu, ya miƙa takwas. Da aka gama cire ƙulli uku, abin da ya rage a ƙasa ƙulli ɗaya ne da tsinke huɗu. Sha huɗu ke nan. Daga ranar ba sai an sake yi masa bayanin aro ba.

Wannan gwaninta ce, mai zaman kanta, dabam da iya darasi. Mutum yana iya haddace lissafi har na digiri na uku amma ya kasa gano dalilin da ɗalibi ya ɓata. Kuma buƙatarta ba a firamare ta tsaya ba, har ma ta fi tsanani a bakin ƙofar kwaleji da jami'a, inda giɓin da aka yi ta tsallakewa shekara da shekaru yake fitowa fili gaba ɗaya.

Duba hanyar da ɗalibin ƙaramar hukumar Gaya ko Ajingi a jihar Kano yake bi. Ko daga Kademi ya fito, ko Shagogo, ko Toranke, ko Balare, sai ya haye jarrabawar kwalifayin kafin gwamnatin jiha ta biya masa kuɗin NECO. Sai ya haɗa kiredit biyar, har da Turanci da lissafi. Sai ya zauna jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake yin ta, alhali wani bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ana saura kwanaki. Wanda ya haye yana iya samun gurbi a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda aka buɗe a 2001 kuma aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022, ita ce mafi kusa da gida. Wanda bai haye ba yakan nufi karatun share fage: tsohuwar CAS ta Kano da ke wannan aiki tun shekarun 1970, ko tsarin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello take gudanarwa tun 1976, ko makarantarta ta share fage da ke Funtuwa. A waɗannan azuzuwan ne malamin ciko, wato mai cike giɓin karatu, yake zaune, da ɗalibai ɗaruruwa a gabansa da 'yan watanni a hannunsa.

A can ba a ba wa saurayi ɗan shekara goma sha tara tsinkaye ya ƙirga a gaban 'yan mata. A nan ne gwanintar take ƙara zurfi. Na taɓa zama a bayan wani aji na share fage, malami ya rubuta rabi a tara da sulusi, ya ce kowa ya yi a takardarsa. Ya zaga yana leƙawa. Da dama sun rubuta biyu bisa biyar, wato sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Bai kira sunan kowa ba. Ya dawo gaban allo ya ce, da Hausa: "An bar naira dubu shida. Wani yana da rabi, wani yana da sulusi. Nawa ne rabon na farko?" Aji ya amsa, dubu uku. Na biyu fa? Dubu biyu. Jimla? Dubu biyar. "Cikin nawa?" Cikin shida. Sannan ya tambayi nawa ne biyu bisa biyar na dubu shida. Aka yi ta lissafi, aka sami dubu biyu da ɗari huɗu. Wani daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai wannan ko rabin ma bai kai ba." Malam ya ce, "To, ka ga an tara wa rabi wani abu, sai ya ragu. Zai yiwu?" Daga nan ya juya harshe zuwa Turanci ya rubuta ƙa'idar yadda za ta zo a jarrabawa.

Abubuwa da yawa ya yi cikin minti goma. Ya ɗauko rabi da sulusi da sudusi daga wurin da ɗaliban suka riga suka san su, wato karatun gado a Islamiyya da makarantar zaure. Ya bar kuskuren ya tona kansa, shi bai tona kowa ba. Ya shiga da Hausa don tunani ya zauna, ya fita da Turanci don takarda da Turanci za ta zo. Abin da ya fi burge ni shi ne zaɓin da ya yi tun kafin ya shigo aji. Manhajar ranar aljabara ce, amma ya san wanda bai iya tara rabi da sulusi ba ba zai taɓa tara ɗaya bisa x da ɗaya bisa y ba. Bangon da ya tsage daga tushe yaɓe ba ya riƙe shi. Sai ya sadaukar da darasi guda ya koma baya shekara bakwai, don ya sami damar yin gaba da sauri a sauran zangon.

Daga ina ya san cewa a nan za su faɗi? Ba a kwalejin horon malamai aka karanta masa ba. Wani ɓangare shekaru ne suka koya masa, amma mafi yawa daga bakin 'yan'uwansa malamai ya ji. Ilimin kurakuran ɗalibai ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Malami guda yana ganin aji biyu ko uku a shekara, kuskuren da ya gani sau ɗaya zai ɗauka na yaro ɗaya ne. Sai ya zauna da malamai goma, kowa ya zube takardun ɗalibansa, sannan a ga ashe abu ɗaya ne yake maimaita kansa daga makaranta zuwa makaranta, kuma wani a cikinsu ya riga ya samo maganinsa.

Mutanen gabashin Kano ba baƙin wannan tsari ba ne, domin tsangaya ta daɗe da shi. A tsangaya ba a haɗa almajirai a ce duk shafi ɗaya za su karanta don shekarunsu ɗaya. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, kuma ba a wanke allo a yi ƙari sai an biya an tabbatar ya zauna. Ƙolo yana samun titibiri ko gardi ya biya masa kafin a kai ga alaramma. Sannan ga zaman darasu, inda mahaddata suke haɗuwa a kawo alluna a duba tare, wanda ya ga kuskuren wasali ko harafi ya yi magana, a gyara a gaban kowa, babu wanda ya fi ƙarfin gyara. Shi kansa harji, sanin wuraren da ayoyi suke kama da juna da adadinsu, taska ce ta wuraren da mahaddaci yake zamewa, wadda magabata suka tara suka miƙa wa na baya. Ban ce a kwashi tsangaya a juye a kwaleji ba, karatun ba iri ɗaya ba ne. Amma malamin boko da yake ganin zaman duba aiki tare baƙon abu ne daga Turai, ya leƙa tsangayar unguwarsu.

A wasu ƙasashe an mai da wannan zaman ƙungiya mai rajista da mujalla da taron shekara. A Amurka, lokacin da kwalejoji suka buɗe ƙofa ga ɗimbin ɗaliban da a da ba sa samun shiga, malaman da aka ɗora wa ɗaukar masu rauni sun ga kowannensu shi kaɗai yake fama a kwalejinsa. A 1976 suka kafa ƙungiyar da aka daɗe ana kira NADE, wadda ta koma NOSS a 2019. Akwai kuma CRLA, ta malaman karatu da dabarun koyo, wadda tun 1989 take tantance shirye-shiryen horar da ɗaliban da ke koyar da 'yan'uwansu, don kada a ce duk wanda ya ci jarrabawa ya iya koyarwa. Ta irin waɗannan hanyoyi ne dabarar da aka gwada a wuri ɗaya take bazuwa.

Biyu daga cikin dabarun sun cancanci a tsaya a kansu. A 1973, a Jami'ar Missouri da ke birnin Kansas, Deanna Martin ta sauya tambayar da aka saba yi. Maimakon a nemi ɗalibai masu rauni a ware su, sai a nemi darussan da aka fi faɗuwa a cikinsu. A samo ɗalibin da ya ci darasin bara, ya sake zama a lakca tare da sababbi, sannan ya riƙa tara su a mako suna warware abin da aka karanta, shi yana jan zaman da tambaya ba da lakca ba. Ƙofa a buɗe take ga kowa, mai ƙoƙari da mai rauni, saboda haka babu wanda zai ji kunyar a gan shi ya shiga. Ta biyu ta Uri Treisman ce a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a tsakiyar shekarun 1970. Ya so ya san dalilin da ɗalibai baƙar fata masu kyakkyawan sakamakon sakandare suke faɗuwa a lissafin shekarar farko, alhali 'yan asalin Sin suna hayewa. Da ya bi su har ɗakunan kwanansu sai ya tarar ba ƙwazo ne ya bambanta su ba. Na farko kowa shi kaɗai yake karatu a ɗakinsa, na biyu kuwa bayan karatun kaɗaici sukan haɗu su duba aikin juna. Ya kafa zaman lissafi na rukuni, kuma bai ba su tambayoyi masu sauƙi ba, masu wuya ya ba su. Sakamako ya canza.

Duk wanda ya yi jami'a a Arewa zai ce ai mun san wannan. Gaskiya ne. Tutoriyal ɗin da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da ƙungiyoyin sassa suke shiryawa da daddare, da darussan hutu da ɗaliban jami'a suke komawa garuruwansu su yi wa ƙannensu masu shirin JAMB, duk jinsi ɗaya ne. Abin da ya rage mana shi ne ba a horar da mai koyarwar, kuma in ya kammala ya tafi bautar ƙasa, abin da ya gano ya tafi da shi. Na bayansa daga farko zai fara.

Ƙungiyoyin malamai ma muna da su, tsofaffi kuwa. Ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN tun 1957 take, kuma littattafan da ta wallafa sun ratsa hannun ɗaliban sakandare da yawa a ƙasar nan. Ta malaman lissafi, MAN, ta biyo baya. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke Kaduna tana aiki tun 1976. Sai dai taron shekara a wani babban birni, da kuɗin rajista da na mota da na masauki, ba abu ne da malamin ƙaramar sakandare a Gafasa ko Kunkurawa zai iya kowace shekara ba. Abin da ya fi isa gare shi shi ne zaman gungu, inda malaman makarantu maƙwabta suke haɗuwa a makaranta ɗaya. Shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi a jihohi shida har da Kano da Jigawa daga 2008 zuwa 2017, ya yi ƙoƙarin mai da jami'an da ke zagaya makarantu masu taimakon malami a aji, ba masu neman laifinsa kaɗai ba.

Gwajin da ya fi kusa da Gaya da Ajingi a maƙwabciyarsu Wudil aka yi shi. A 2019 aka fara shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha tare da Kwalejin Sa'adatu Rimi da British Council, don 'yan aji huɗu zuwa shida na firamare. Tushensa hanyar da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta ɓullo da ita, wadda masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo suka yi shekaru suna gwadawa kafin su sami kyautar Nobel a 2019. Hanyar ba ta da wani ɓoyayyen sirri. Malami ya zauna da yaro shi kaɗai, ya miƙa masa takarda, ya ji ko yana karanta labari, ko gajeren sakin layi, ko kalma, ko harafi, ko bai fara ba. Sannan a raba yara bisa matakin da suke, ba bisa ajinsu ba, na wani lokaci a kowace rana. Bayan 'yan makonni a sake gwadawa, wanda ya matsa a matsar da shi. Wani sharaɗi na wannan hanya ya fi komai burge ni: jami'in da zai riƙa duba malamai sai shi ma ya shiga aji ya koyar da yara da hannunsa na wasu kwanaki tukuna. In ya zo duba malami, abokin sana'a ne ya zo, wanda ya san yadda gumin yake.

Yadda zaman malamai yake amfani yana da nasa ladabin, kuma shi ma gwaninta ne. Zaman da aka buɗe da dogon jawabin manyan baƙi aka rufe da rabon kuɗin mota ba ya canza komai a aji. Mai amfani shi ne wanda kowa ya zo da takardun ɗalibai na gaske, an naɗe sunayen. A ɗauki amsa ɗaya da ba daidai ba, a tambaya: me yaron nan yake tunani da ya rubuta haka? Wani ya ce sakaci ne. Wata malama ta ce, "A'a, Malam, duba ta uku da ta biyar, duk haka ya yi, wannan ba sakaci ba ne." A yi ta ja har a cimma dalili. Sannan wani ya tashi ya koyar da darasin a gaban sauran kamar su ne ɗaliban, su kuma su riƙa ba shi irin amsoshin da yara suke bayarwa. Mai jan zaman nagari yakan fara da takardun ajinsa, don ƙaramin malami ya ga babba ma ana duba nasa. A Japan malamai sun fi shekara ɗari suna irin wannan, su shirya darasi guda tare, ɗaya ya koyar, sauran su zauna suna kallon yara ba malamin ba.

Abin da yake damuna shi ne yadda muke ɗaukar wannan aiki da sauƙi. Sau da yawa ajin share fage da ajin masu rauni sabon malami ake turawa, ko na wucin gadi, manya su riƙe 'yan ajin ƙarshe. A ganina an juya abin. Ɗalibin ajin ƙarshe ya riga ya iya koyo, ko wa ka ba shi zai ƙaru. Wanda karatunsa ya tsinke shi ne yake buƙatar idon da ya ga kurakurai dubu. Kuma ƙarin girma a manyan makarantu da takardun bincike ake samunsa, ba a lissafa ɗaliban da mutum ya tsamo daga faɗuwa. Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ana gyaran azuzuwa ana ɗaukar malamai. Duk ana buƙatarsu. Amma sabon malami da aka kai ƙauye aka bar shi shi kaɗai, ba wanda zai tambaya, zai yi shekara biyar kafin ya gano abin da zama uku da tsofaffin hannu za su nuna masa.

Akwai kuma wani zama da nake ganin ya fi kowanne amfani ga wannan yanki. Lakcaran da ke koyar da 'yan shekarar farko a Wudil ya san sarai inda ɗaliban suke faɗuwa, yana da takardunsu tuli a ofis. Malamin sakandare a Gaya ko Ajingi ko Albasu ya san inda giɓin ya samo asali, ya san zangon da aka yi babu malamin fizis, ya san yaran da damina take ɗaukewa daga aji. Tsakaninsu tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce, amma kowa yana zargin ɗan'uwansa daga nesa, na sama ya ce ba a koyar da komai a ƙasa, na ƙasa ya ce na sama ba su san halin da ake ciki ba. Ƙananan hukumomin uku masarauta ɗaya suke, mazaɓar tarayya ɗaya, ga sakatarorin ilimi, ga shugabannin makarantu da suka san juna. Aji ɗaya ake buƙata a wata sakandare a Gaya, ranar Asabar ɗaya a kowane zango, lakcara ya zo da takardu hamsin na jarrabawar zangon farko, malaman lissafi da Turanci da kimiyya na aji huɗu zuwa shida na sakandare su zo da nasu. A ware kurakurai goma da suka fi yawa, a raba wa juna, kowa ya dawo zango mai zuwa da abin da ya gwada da abin da ya gani. A ajiye littafi guda a riƙa rubuta su, domin malamin da za a turo baɗi ya tarar da shi.